Taliyar Japan a tukunyar Barking

A ranar 20 ga watan Maris na shekarar 2020 ne gwamnatin Birtaniya ta umarci gidajen abinci da su rufe ƙofofinsu saboda annobar korona, kwana uku kafin Firayim Minista na lokacin, Boris Johnson, ya ba da sanarwar dokar zaman gida. An bar wa masu wannan sana'a kafa guda, wato su dafa mai saye ya tafi da shi, ko kuma a kai masa har gida. To amma ba kowane abinci ne ke jure tafiya ba. Shinkafa da miya suna iya yin rabin sa'a a bayan babur su isa lafiya. Taliyar nan ta Japan da ake kira ramen kuwa, in ta yi minti goma a cikin romo mai zafi, sai ta sha ruwa ta kumbura ta caɓe, ta yadda wanda ya dafa ta ma ba zai so a ce daga hannunsa ta fito ba.

Da yake in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, sai masu gidajen ramen na birnin Landan, irin su Shoryu da Bone Daddies, suka ɓullo da wata dabara. Maimakon su aika da dafaffen abinci, sai su aika da kayan haɗinsa a rarrabe cikin kwali: romo a ledarsa, ɗanyar taliya a tata, nama da ƙwai da sauran tarkace kowanne daban, tare da 'yar takarda mai bayanin yadda za a harhaɗa. Wahalar da ke cin yini guda, wato dafa romon, an riga an ɗauke wa mai saye. Abin da ya rage masa aikin minti goma ne zuwa goma sha biyar. An sake buɗe gidajen abinci a Ingila, aka koma cin abinci a cikinsu tun ranar 17 ga watan Mayun 2021, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shiga harkar kwalayen sun watsar da ita. Amma dabarar ba ta mutu ba. Ta gangara zuwa ƙananan gidajen abinci na unguwanni, har ta iso gabashin Landan, inda mafi yawan tambayar da mai saye ke fara yi ba ta ɗanɗano ba ce, ta halacci ce.

Barking tsohon gari ne a gefen kogin Roding, kusa da inda yake kwarara cikin kogin Thames. An kafa wani babban gidan ibadar Kirista a wurin tun wajejen shekarar 666, kuma har yanzu kufansa na nan a tsakiyar gari. A tsakiyar ƙarni na 19 garin masunta ne, jiragen kamun kifi na iyalan Hewett suna daga cikin mafiya yawa a ƙasar, kafin su ƙaura zuwa gaɓar gabas. Daga baya kamfanin Ford ya buɗe masana'antarsa a Dagenham da ke maƙwabtaka a 1931, ya riƙa ƙera motoci har zuwa 2002. A yau wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Barking ya gangara kasuwar da ke kan titin East Street, zai ji Yarabanci da Bangali da Urdu da harshen Romaniya da na Albaniya kafin ya kai ƙarshen layi, wani lokaci har da Hausa. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa yawan mutanen ƙaramar hukumar Barking da Dagenham ya kai kimanin 218,900, ƙarin da ya haura kashi 17 cikin ɗari a shekara goma. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu Musulmi ne, alhali a 2011 ba su kai kashi 14 cikin ɗari ba. Haka kuma babu wata ƙaramar hukuma a Ingila da Wales da ta fi ta yawan yara 'yan ƙasa da shekara 16 idan aka kwatanta da yawan jama'arta.

Wannan batu na yara shi ne ya kawo ramen cikin gidajenmu. Yaran da aka haifa a nan sun san ta tun kafin su ɗanɗana ta, domin sun ga Naruto, jarumin zanen nan na Japan, yana shan ta kwano bayan kwano, sun kuma ga matasa a TikTok suna gasar cin taliyar Buldak ta Koriya ta Kudu, wadda tsabar yajinta ya sa hukumomin Denmark suka janye wasu nau'o'inta daga kasuwa a watan Yunin 2024. Iyaye kuwa, in an ce ramen, Indomie suke gani, su yi mamakin yadda za a ce kwano guda ya kai kuɗin cefanen yini.

Daga Yokohama zuwa teburin mai shayi

Iyayen ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, domin Indomie jikar ramen ce. Asalin abincin daga China yake. Baƙi 'yan China da suka zauna a garuruwan bakin teku na Japan, musamman Yokohama, a ƙarshen ƙarni na 19, su ne suka zo da taliyar alkama a cikin romon nama. A shekarar 1910 aka buɗe wani gidan abinci mai suna Rairaiken a unguwar Asakusa ta birnin Tokyo, da masu dafuwa 'yan China, kuma shi ake yawan ambata a matsayin mafarin ramen irin ta Japan. Abincin leburori ne da ɗalibai, mai arha, mai riƙe ciki.

Yunwa ce ta ɗaga darajarta. Bayan da Japan ta sha kaye a yaƙin duniya na biyu a 1945, shinkafa ta yi ƙaranci ƙwarai, Amurka kuma ta riƙa shigo da alkama mai yawa. Garin alkamar ya riƙa sulalewa zuwa kasuwannin bayan fage, inda masu 'yan rumfuna ke mayar da shi taliya. Wani ɗan kasuwa haifaffen Taiwan, Momofuku Ando, ya sha ba da labarin yadda ya ga dogon layin mutane cikin sanyi a Osaka suna jiran kwanon taliya. Shekaru bayan haka, a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidansa a garin Ikeda, ya gano cewa idan aka soya turararriyar taliya a mai, ruwan jikinta zai fita ya bar ƙananan ƙofofi, ta bushe ta daɗe ba ta lalace ba, in kuma an zuba mata ruwan zafi ta dawo da laushinta cikin 'yan mintoci. A watan Agustan 1958 kamfaninsa, wanda aka sani da Nissin, ya fitar da Chikin Ramen. A 1971 ya fitar da ta cikin kofi. Ando ya rasu a watan Janairun 2007 yana da shekara 96.

Daga nan dabarar ta bazu. A Indonesiya aka fara yin Indomie a 1972. Ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'antarta ta farko a garin Ota na jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka yi wasu a Fatakwal da Kaduna. Alƙaluman ƙungiyar masu yin irin wannan taliya ta duniya sun nuna cewa ana cin kimanin ƙulli biliyan 120 a shekara, Najeriya kuma na cin kusan biliyan 3, wanda ya sa ta zama ta farko a nahiyar Afirka. Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi a Kano ko Zariya da daddare ya san yadda Indomie da ƙwai suka samu wurin zama kusa da burodi da Lipton, har sunan kamfanin ya zama sunan abincin.

A can Japan kuwa, uwar ta bi wata hanya dabam. Kowane yanki ya ƙirƙiro nasa salo, aka buɗe gidan tarihin ramen a Yokohama a 1994, kuma a ƙarshen 2015 wani ɗan ƙaramin shago na Tokyo mai suna Tsuta ya zama gidan ramen na farko a Japan da ya samu tauraron yabo na Michelin. A Landan, gidan Wagamama da Alan Yau ya buɗe a 1992 shi ne ya fara sabar wa Turawa da shan taliya a romo, amma sai a 2012 ne aka ga gidajen ramen na sosai sun buɗe a tsakiyar birni ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne gizo ke saƙar. Nau'in da ya mamaye Landan a wancan lokaci shi ne wanda ake kira tonkotsu, daga yankin Fukuoka na kudancin Japan, kuma ma'anar kalmar ita ce ƙashin alade. Ana tafasa ƙasusuwan alade na tsawon sa'o'i masu yawa har romon ya yi fari kamar madara. Yankan naman da ake ɗorawa a sama, chashu, daga cikin alade ake yanko shi. Ko a nau'o'in da ake kira na kaza, sau da yawa akan haɗa da ƙashin alade ko kitsensa don ƙarin armashi. Sannan ga abin da ido ba ya gani: ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake zubawa a ƙasan kwano, wanda suke kira tare, galibi yana ƙunshe da giyar shinkafa ta sake, da mirin, wadda ita ma giya ce mai zaƙi da ƙarfinta ya kai kusan kashi 14 cikin ɗari. A cikin irin wannan haɗi ake jiƙa dafaffen ƙwai ya kwana. Saboda haka Musulmin da ya ce a cire masa naman alade a bar masa sauran, bai tsira da komai ba. Ko wanda ya zaɓi na ganye zalla yana iya cin karo da mirin.

Abin da ke cikin kwalin

Don ganin yadda abin yake, domin gani ya kori ji, na sayi kwali biyu daga wani ƙaramin gidan abinci da ba shi da nisa da Barking, wanda ya rubuta a ƙofarsa cewa namansa halal ne, ba ya kuma amfani da giya. Ɗaya na romon kaza ne, ɗaya na miso da ganyayyaki, kowanne na mutum biyu. Kuɗin kwali guda ya fi na katan ɗin Indomie mai ƙulli 40 a shagunan 'yan Afirka na unguwar, ko da yake bai kai abin da mutum biyu za su kashe ba idan suka zauna suka ci a can.

Romon ya zo a daskare cikin leda kamar farfesun ƙafar saniya da ya kwana a firji, kuma wannan alama ce mai kyau, domin tana nuna ƙashi da fata sun narke a ciki, ba ruwa da magi aka kaɗa ba. Taliyar ɗanya ce, mai ɗan rawaya, an barbaɗa mata gari don kada ta manne. Akwai yankakken cinyar kaza, ƙwai biyu da suka yi ruwan ƙasa, lawashin albasa, busasshiyar ciyawar teku mai kama da baƙar takarda, ɗan ƙaramin mazubi na tare, da wani na mai mai ƙamshin tafarnuwa.

Takardar bayanin ta nace kan abu uku, kuma kowanne yana da dalili. Na farko, tukunya biyu ake ɗorawa, ɗaya ta romo, ɗaya babba ta ruwa zalla. Ba a dafa taliyar a cikin romo kamar yadda muke yi wa Indomie, saboda garin da ke jikinta zai yi wa romon kauri ya dusashe ɗanɗanonsa. Na biyu, a ɗumama kwanukan da ruwan zafi tukuna, domin kwano mai sanyi a ƙasar sanyi yakan shanye zafin romo nan take, kitsen ya fara daskarewa a sama. Na uku, a shirya komai kafin a jefa taliyar, a kuma kira masu ci su zauna. Minti biyu kacal take yi a wuta. Da an tsane ta a kwando sai cikin romo, daga nan sai baki. A Japan ba a hira a kan kwanon ramen, kuma zuƙar ta da ƙara ba rashin ladabi ba ne. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuya a gidan Bahaushe, inda aka saba tuwo ya jira maigida a kula har ya dawo daga masallaci.

Hukuncina shi ne romon kazar ya cancanci kuɗinsa. Yana da nauyi a harshe, yana manne wa leɓe kamar romon ganda, kuma babu yadda za a yi mai aiki da ya dawo gida da yamma ya samar da irinsa. Sirrin farinsa a tafasa yake: idan aka bar ƙashi yana ɓararraka da ƙarfi na tsawon sa'o'i, kitse yakan farfashe ya gauraya da ruwa, in kuwa a hankali aka dafa, romon zai fito garau. Taliyar ma ta yi, tana da tauri kaɗan da ɗan danƙo a haƙori. Naman kazar shi ne ya gaza, domin wanda aka dafa jiya aka ɗumama yau ba ya kai sabo, ciyawar tekun kuma ta saki jiki tun kafin a kai ta baki. Yaran gidan sun cinye nasu tas. Manya sun nemi yajin ƙuli, kuma ban ga laifinsu ba, domin abincin Japan ba ya yi da barkono sosai, harshen da ya saba da attaruhu kuwa yana jin kamar an manta wani abu.

Kanwa da daddawa

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda wannan baƙon abinci ya yi kama da namu ta wuraren da ba a zata ba. Abin da ya bambanta taliyar ramen da taliyar Italiya, ko 'yar murjin da matan Kano ke yi suna shanyawa a kan igiya, shi ne wani ruwa da ake kwaɓa garin da shi, mai suna kansui. Shi ke ba ta rawayar nan ba tare da an sa ƙwai ba, shi ke ba ta danƙo da wani ɗan ƙamshi na musamman. Sinadaran da ke cikinsa dangin waɗanda ke cikin kanwa ne, wadda fatake suka shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗaukowa daga ƙasar Manga da yankin tafkin Chadi zuwa kasuwar Kurmi. Duk macen da ta taɓa kwaɓa ɗan wake da ruwan kanwa ta ga yadda launinsa ke sauyawa, jikinsa ya yi santsi, ta riga ta san rabin ilmin wannan taliya.

Haka abin yake ga miso, wanda aka yi kwali na biyu da shi. Waken suya ne ake dafawa a haɗa da gishiri da wani nau'in ƙwayar hatsi da aka tsimar, a ajiye watanni har ya nuna. A garin Sapporo na arewacin Japan, inda ake tsananin sanyi, aka fara sa shi a ramen a shekarun 1950. Aikin da yake yi a romo shi ne aikin da daddawa ke yi a miyar kuka. Wani masanin kimiyya na jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ne a 1908 ya gano sinadarin da ke haddasa wannan ɗanɗano, ya raɗa masa suna umami, kuma daga bincikensa aka kafa kamfanin Ajinomoto. Farin magin nan da ake sayarwa a ƙulle-ƙulle a kowace kasuwar ƙauye a arewacin Najeriya da Nijar, daga can ya samo asali. Ashe mun daɗe muna cin Japan a miya.

Sai dai kuma akwai abin lura, kuma ba ƙarami ba ne. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 6 na gishiri a yini, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ƙasa da giram 5. Kwanon ramen guda, in aka shanye romonsa duka, yana iya kaiwa wannan adadi ko ya kusa. Likitoci a ƙasar nan sun daɗe suna gargaɗin cewa mutanen da suka fito daga Afirka sun fi saurin kamuwa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Ita kanta ƙaramar hukumar Barking da Dagenham tana cikin waɗanda suka fi fama da matsalar ƙiba a tsakanin yara 'yan firamare, abin da ya sa tun a 2010 ta kafa ƙa'idar hana buɗe sababbin shagunan soyayyen abinci na tafi-da-gidanka a tazarar mita 400 daga makarantu. A nan kwalin yana da wata fa'ida da zama a gidan abinci ba shi da ita. Tun da ruwan gishirin a mazubinsa yake zuwa, mai dafuwa na iya zuba rabi, ya ƙara alayyafo ko kabeji, ya kuma bar sauran romon a kwano.

Wa ya tabbatar halal ne?

Komawa ga tambayar farko. A Birtaniya babu wata hukumar gwamnati da ke ba da shaidar halal, kuma doka ba ta tilasta a rubuta yadda aka yanka dabba a jikin nama ba. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke wannan aiki, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Halal Food Authority, wadda aka kafa a 1994, ta amince a sumar da dabba kafin yanka muddin sumarwar ba ta kashe ta ba. Halal Monitoring Committee, mai hedkwata a Leicester, ba ta yarda da sumarwa ba ko kaɗan. Gidajen abinci da yawa kuwa ba su da takardar kowa, sun dai rubuta kalmar a ƙofa, bisa dogaro da abin da mai kawo musu nama ya faɗa. Yin ƙarya game da abin da ake sayarwa laifi ne da jami'an ƙananan hukumomi ke hukuntawa, amma sai an kama. Jama'a ba su manta da shekarar 2013 ba, lokacin da aka gano naman doki a cikin kayayyakin da aka ce na shanu ne, aka kuma gano ɓurɓushin alade a wasu abincin da aka kai wa fursunoni Musulmi da wata makarantar firamare a Landan da sunan halal.

A wannan fanni ma kwalin ya ɗan taimaka. Tun daga watan Oktoban 2021 wata doka da aka fi sani da dokar Natasha ta fara aiki, wadda aka sa wa sunan wata yarinya, Natasha Ednan-Laperouse, da ta rasu a 2016 bayan ta ci burodi mai riɗi da jikinta ba ya ɗauka. Dokar ta wajabta wa mai sayar da abincin da aka riga aka ƙunshe a shagonsa ya rubuta dukkan abin da ke ciki. Ba don Musulmi aka yi ta ba, amma Musulmi ya amfana, domin in akwai mirin ko sake ko kitsen alade a irin wannan ƙunshi, dole su bayyana a takarda. Wanda ya yi odar ta waya ko ta intanet kuma, doka ta ba shi haƙƙin sanin abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane rashin lafiya, irin su alkama da riɗi da waken suya, amma giya da alade ba sa cikin goma sha huɗun, sai ya buɗe baki ya tambaya. Akwai kuma batun ruwan waken suya mai gishiri, wanda wajen tsima shi akan samu ɗan ɓurɓushin barasa da ya fito da kansa. Malamai sun yi saɓani a kai, kuma wannan fagensu ne. A Japan ma, tun da baƙi daga Malesiya da Indonesiya suka yawaita, an samu shaguna a Tokyo da Osaka da ke yin ramen da kaza zalla don Musulmi.

Ga mai gidan abinci, lissafin kwalin a fili yake. Kamfanonin kai abinci irin su Deliveroo da Uber Eats kan karɓi kamasho da ke iya kai kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciniki. Abinci mai zafi ana biya masa harajin saye na kashi 20 cikin ɗari, wanda aka rage zuwa kashi 5 a lokacin annoba, aka kuma mayar da shi yadda yake a watan Afrilun 2022. Abinci mai sanyi da za a tafi da shi gida kuwa galibi ba ya ɗauke da wannan haraji. Kwali ba ya buƙatar tebur ko mai hidima, ana kuma iya shirya shi da rana lokacin da babu ciniki. A shekarar da tsadar kayan abinci ta haura kashi 19 cikin ɗari, kamar yadda ta yi a watan Maris na 2023, ga kuma kuɗin gas da ake ƙonawa wajen tafasa romo yini guda, irin wannan 'yar rarar tana iya zama abin da ke riƙe da shago. Abin da zan soka shi ne yawan leda da roba. Na ƙirga mazubai da ledoji fiye da goma a kwali guda, don abincin mutum biyu.

Abin mamaki a gare ni shi ne yadda masu sayar da abincinmu a Landan ba su rungumi wannan hanya ba sosai, alhali ta fi dacewa da mu. Masa da ta huce ba ta da daɗi, amma ƙullunta yana tafiya lafiya a gora, ga miyar taushe a gefe. Garin ɗan wake da aka riga aka haɗa da kuka, da garin kunun gyaɗa, da tsiren da aka riga aka shafa wa ƙuli sai gashi kawai, duk kwalaye ne tun kafin a san sunan. Buƙatar kuma tana nan, musamman da yake doka ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga Najeriya ko Nijar, don haka kilishi da dambun nama da man shanu da aka yi wa mutum tsaraba suna iya ƙarewa a hannun jami'an kwastan a filin jirgin Heathrow. Wadda ke son gwada wannan sana'a daga ɗakin girkinta a Barking, abin da doka ta nema da farko shi ne ta yi rajista da ƙaramar hukuma aƙalla kwana 28 kafin ta fara sayarwa. Rajistar kyauta ce. Bayan haka jami'an duba tsafta za su zo gidan su ba ta maki, daga sifili zuwa biyar, kuma kowa na iya duba makin a shafin hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasa.